Yadda Ake Koya wa Mutum Kalmomin Turanci da Hira Har Bakinsa Ya Buɗe

"Malam, in an rubuta ina ganewa. In ana magana ma ina tsintar abin da ake faɗi. Amma da an ce in buɗe baki, sai komai ya gudu." Kusan duk babban mutumin da ya zo neman a koya masa Turanci da wannan maganar yake farawa, ko da wata mai kama da ita. Yawancinsu ba sabon shiga ba ne. Sun yi shekaru a aji, sun haddace dokokin nahawu, wasu har sun ci jarrabawa. Abin da ba su samu ba shi ne wanda zai zauna da su, ya ja bakinsa ya yi shiru, ya bar su su yi ta faɗi-tashi da harshen har ya zauna musu.

Duk abin da zan zayyana a ƙasa a kan abu guda ya tsaya: a darasin hira, bakin ɗalibi ne ya kamata ya gaji, ba naka ba. In aka tashi darasi kai ne makogwaronka ya bushe, to kai ka yi atisaye, shi kuwa kallo ya zo.

Zaman farko: ka saurara kafin ka koyar

Kada ka zo ranar farko da littafi a hannu kana shirin buɗe shafi na ɗaya. Ka zo da takarda da alƙalami, ka yi masa tambayoyi. Me ya sa yake son Turanci yanzu, alhali bara bai nema ba? Da wa zai yi magana? A ina harshen ya taɓa ba shi kunya? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai tsoka. Wani zai ce maka a wajen ganawar neman aiki ne ya daskare. Wata za ta ce malamar ɗanta ce ta yi mata bayani ba ta iya mayar da ko kalma ɗaya ba. Wani kuma so yake ya yi wa likita bayanin ciwonsa da kansa ba tare da tafinta ba. Amsar da ya ba ka ita ce manhajarka ta watannin farko.

Ka yi waɗannan tambayoyin da harshen da ya fi sakewa a ciki, in kana jin harshen. Daga nan sai ka juya zuwa Turanci na minti biyar kacal. Ka ce ya gaya maka sunansa, aikinsa, abin da ya yi jiya, da abin da zai yi gobe. Tambayoyi huɗu ne, amma za su nuna maka ko yana iya sarrafa lokacin da ya wuce da mai zuwa, da yawan kalmomin da ke bakinsa. Da izininsa, ka naɗi wannan magana a waya ka ajiye. Za ta yi maka amfani nan gaba.

Akwai ma'aunin da Majalisar Turai ta fitar a 2001, wanda ya kasa masu koyon harshe hawa shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Yana da amfani domin yawancin littattafai da darussan intanet da shi suke yi wa kayansu lamba, sai ka san wanda za ka ɗauko. Mai A1 yana iya gaisuwa da gabatar da kansa. Mai B1 yana iya ba da labari da faɗin ra'ayinsa ko da da tuntuɓe. Ka yi kirdadon matsayin ɗalibinka a ranka. Ba lallai ka faɗa masa ba a ranar farko, don wani in ya ji "A1" bayan shekara goma yana karatu, gwiwarsa za ta yi sanyi.

Waɗanne kalmomi?

Nan ne malamai da yawa suke ɓata lokacin ɗalibi da kyakkyawar niyya. Sai ka ga an ba mutum jerin sunayen dabbobi talatin ya haddace, alhali bai san yadda zai ce "ban gane ba, sake faɗi" ba.

Kalmomin Turanci ba darajarsu ɗaya ba. 'Yan kaɗan ne suke ɗauke da yawancin nauyin magana. Tun a 1953 wani malamin harshe ɗan Ingila, Michael West, ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turanci, kuma irin waɗannan kalmomin su ne kusan kashi 80 cikin ɗari na rubutun yau da kullum. A hirar baki ma sun zarce haka. Paul Nation, masanin koyar da kalmomi a jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand, ya ƙiyasta cewa mutum yana buƙatar dangin kalmomi (wato kalma da rassanta, kamar *help, helps, helpful*) 6,000 zuwa 7,000 kafin ya bi magana ba tare da taimako ba, da 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko littafin labari cikin sauƙi. Tafiyar da nisa. Amma dubu biyun farko su ne suke buɗe ƙofa, kuma ɗalibi mai himma zai iya kama su.

Don haka ka ɗebo kalmominka daga rijiya biyu. Ta farko ita ce jerin kalmomin da suka fi yawo, irin su Oxford 3000 da ake samu kyauta a intanet. Ta biyu ita ce rayuwar ɗalibin kansa. In ma'aikaciyar jinya ce, *wound* da *swollen* da *dizzy* sun fi mata *elephant* amfani nesa ba kusa ba. In makanike ne, ka fara da abin da yake taɓawa kullum. Wanda zai shiga jami'a kuwa, daga baya sai ka kawo masa jerin kalmomin karatun boko guda 570 da Averil Coxhead ta tattara a shekarar 2000.

Yawa fa? Takwas zuwa goma a darasi ɗaya. Na san za ka ga kamar sun yi kaɗan, shi ma ɗalibin zai ce a ƙara. Kada ka ƙara. Kalma goma da suka zauna a baki sun fi hamsin da ke kwance a littafi.

Wani abu kuma: ka guji koyar da kalmomi masu kama da juna a rana ɗaya. *Borrow* da *lend*, *bring* da *take*, *left* da *right*. A ido kamar haɗa su shi ne daidai, amma in suka shiga kai tare sai su sarƙe, ɗalibi ya yi shekara yana musanya su. Ka ba shi ɗaya, ta zauna, bayan mako ɗaya ko biyu ka kawo 'yar uwarta.

Yadda ake miƙa kalma ɗaya

Bari mu ɗauki *borrow* ɗin mu bi ta daki-daki.

Da farko ka bar shi ya ji ta kafin ya gan ta a rubuce. Rubutun Turanci yana yaudara: haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka kusan 44, shi ya sa *though* da *tough* da *through* suke kama a ido amma kowacce da furucinta. In ya fara ganin rubutun, zai ƙirƙiri nasa furucin, kuma cire shi daga baya wahala ne. Ka furta sau biyu ko uku da muryarka ta kullum, ba tare da ka ja ta ba.

Sai ma'ana. Ka miƙa hannu ka ɗauki alƙalaminsa ka ce, *"Can I borrow your pen?"* Ka rubuta wani abu, ka mayar masa. Gani ya kori ji. In kalmar ba ta nunuwa, irin su *although* ko *unless*, ka fassara masa da harshensa a taƙaice ku wuce. Akwai masu ganin haramun ne a yi amfani da harshen ɗalibi a darasin Turanci. Ni ban yarda da wannan ba. Minti biyar na kwatance da hannu don gudun kalma ɗaya ta fassara asarar lokaci ne. Abin gudu shi ne darasin ya koma hira da harshen gida ana yayyafa Turanci.

Sai ka tabbatar ya gane, amma kada ka tambaye shi "ka gane?" Zai ce e, don kunya ko don ladabi. Ka tambaye shi abin da sai wanda ya gane zai amsa: in na yi *borrow* na alƙalaminka, nawa ne ko naka? Zan mayar ko zan riƙe?

Daga nan ka ba shi kalmar da abokan tafiyarta. Wannan shi ne wurin da na fi so malami ya daɗe. Kalma ba ta yawo ita kaɗai. Ana cewa *borrow money*, *borrow a book*, *borrow from a friend*. Mai jin Hausa zai ce *"borrow me your pen"* domin a harshensa "ara mini" da "na ara" tushensu ɗaya. Haka zai ce *"drink medicine"* domin muna shan magani, alhali Bature *take* yake yi. Zai ce *"I am hearing smell"* domin "ji" ɗinmu ya haɗa sauti da ƙamshi da ɗanɗano da zafi da fahimta, Turanci kuwa ya rarraba su: *hear, smell, taste, feel, understand*. Waɗannan ba alamun rashin ƙwaƙwalwa ba ne, harshensa ne yake yi masa jagora a inda bai san hanya ba. In ka san inda harsunan biyu suka raba gari, sai ka tare shi tun kafin ya faɗa ramin. Saboda haka kada ya rubuta *medicine* kawai a littafinsa, ya rubuta *take medicine*. Kada ya rubuta *exam*, ya rubuta *pass an exam*, *fail an exam*.

Mataki na ƙarshe, wanda ba a tsallakewa ko da lokaci ya ƙure: ya gina jimla ta gaskiya a kan rayuwarsa. Ban da irin *"The boy borrowed a book"* da babu wani yaro babu wani littafi. Ka tambaye shi mene ne abu na ƙarshe da ya ara, kuma daga wa. In ya ce *"I borrowed my brother's phone yesterday,"* kuma da gaske ya ari wayar, to kalmar ta sami gindin zama.

Kuma ka tuna masa cewa ba da hannu wofi ya zo ba. Wanda yake cewa tebur, bokiti, burki, tikiti, injin, kwamfuta, ya riga ya san rabin *table, bucket, brake, ticket, engine, computer*. Gyaran furuci ne ya rage. Sai dai a kula, wasu sun sauya hanya: mota daga *motor* ta fito, amma Bature *car* yake kiranta.

Yaƙi da mantuwa

A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa na haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta lafa. Kuma duk lokacin da aka sake waiwayar abu, yana daɗa jimawa kafin ya gushe. Ma'anar wannan gare ka ita ce kalmar da ka koyar ranar Litinin, in ba a taɓa ta ba sai wata Litinin, yawanci ta tafi.

Maganin ba shi da tsada. Ku yanka ƙananan katuna. A fuska ɗaya kalmar Turanci da gajeriyar jimla, a bayanta ma'anar da harshensa. Sebastian Leitner, wani ɗan jarida Bajamushe, ya yaɗa wata dabara a 1972 da har yau ake amfani da ita: a sami akwatuna ko ambulan uku zuwa biyar. Kowane sabon kati yana farawa a na farko, wanda ake dubawa kullum. In ɗalibi ya tuna kalmar, katin ya matsa zuwa na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana uku. In ya sake tunawa, ya matsa na uku, na mako-mako. In ya manta a ko'ina, katin ya dawo na farko. Ta haka kalmomin da suke ba shi wahala su ne yake yawan haɗuwa da su. Mai waya zai iya amfani da manhaja irin Anki, wadda take yin wannan lissafin da kanta, amma na lura wanda ya rubuta katinsa da hannunsa ya fi kula da shi.

Sharaɗi guda ne: ya dubi ɓangaren harshensa, ya ƙwaƙulo Turancin daga kansa, ya furta da ƙarfi, sannan ya juya katin. Karanta jeri daga sama zuwa ƙasa yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali idonsa ne kawai ya saba. Wannan ɗan wahalar da ake sha wajen tunowa, ita ce take dasa kalmar.

Kai ma da naka aikin. Minti biyar zuwa goma a farkon kowane darasi, bayan gaisuwa, na tsofaffin kalmomi ne, kuma ka riƙa cusa su cikin tambayoyinka na hira ba tare da ka sanar ba.

Hirar kanta

Akwai wani abin da aka lura da shi a Kanada da ya kamata kowane malamin hira ya sani. Yara masu jin Turanci da aka sa a makarantun da ake koyar da komai da Faransanci sun yi shekaru suna sauraro, har fahimtarsu ta kusa kai ta 'yan asalin harshen. Amma da aka zo magana da rubutu, sai aka ga giɓi. Merrill Swain, wadda ta yi nazarin lamarin, ta bayyana a 1985 cewa sauraro kaɗai ba ya wadatarwa: sai mutum ya yi ƙoƙarin faɗin abu ne yake gano abin da bai iya ba. Ɗalibinka da ke cewa "ina ji amma ba na iya mayarwa" irin wannan giɓin yake fama da shi.

To yaya ake buɗe bakin?

Ka fara ba shi makaman kare kai, tun a makon farko: *"Sorry, can you say that again?"*, *"What does this mean?"*, *"How do you say this in English?"*, *"Please speak slowly."* Ya haddace su kamar sunansa. Wanda yake da waɗannan ba ya tsoron hira ta kuɓuce masa, domin ya san yadda zai tsayar da ita.

Sai ka gyara irin tambayoyinka. *"Do you like your job?"* amsarta *yes* ce, hira ta mutu. *"Tell me about the worst day you had at work"* kuwa dole ya ba da labari. Ka tambaye shi abin da ya fi ka sani: sana'arsa, yadda ake gyara abin da yake gyarawa, yadda ya koyi aikinsa. Mutum in yana bayanin abin da ya ƙware a kai, yakan manta cewa da baƙon harshe yake magana, kuma kai ma tambayarka takan zama ta gaskiya domin ba ka san amsar ba.

Sannan abu mafi wuya ga malami: shiru. Mary Budd Rowe, wata mai binciken ilimi a Amurka, ta auna a shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya kafin su sake magana. Da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma suka fara. A ajin kimiyya ta yi bincikenta, da yara masu magana da harshensu. Ina ga mai lalubo kalma a harshen da ba nasa ba? Ka ƙirga biyar a ranka, ko ma bakwai.

Na taɓa koyar da wata baiwar Allah mai aikin ɗinki, wadda ta yi makonni ba ta wuce kalma uku a jere. Wata rana na tambaye ta yadda ake auna mutum kafin a yanka yadi. Ta ce, *"First you..."* sai ta tsaya. Ta ɗaga hannuwa biyu kamar tana riƙe da tef, ta kai su kafaɗarta. Kalmar tana bakina, na danne ta. Ta dubi silin, leɓenta yana motsi. Can sai ta ce, *"shoulder. You measure the shoulder."* Ta ci gaba da kanta zuwa hannu, zuwa ƙugu, ta yi kusan minti biyu tana magana. Mun koyi *shoulder* makonni uku kafin nan. Da na faɗa mata, da ta gyaɗa kai ta maimaita, kalmar ta ci gaba da zama tawa.

In shirun ya yi tsawo har ka ga ya fara takura, ka ba shi sautin farko na kalmar, ko ka ba shi zaɓi biyu ya ɗauki ɗaya. Kada ka ƙarasa masa jimla.

Ga ayyuka uku da na fi dogara da su.

Wasan kwaikwayon abin da zai fuskanta. Ka koma ga amsar da ya ba ka a zaman farko. In ganawar neman aiki ce, kai ne mai ɗaukar aiki. In asibiti ne, kai ne likita. Ku yi sau ɗaya cikin sauƙi, ku tsaya ku gyara, ku sake. A karo na uku ka kawo cikas: ka yi kamar ba ka ji ba, ka yi tambayar da bai shirya mata ba, ka ƙara sauri. A waje ba wanda zai bi rubutun da kuka shirya.

Hotuna biyu masu ɗan bambanci. Kai da ɗaya, shi da ɗaya, ba mai ganin na wani. Sai da tambaya da bayani za ku gano bambancin. Amfaninsa shi ne maganar tana da dalili, yana neman abin da bai sani ba ne da gaske.

Labari ɗaya sau uku. Masu koyar da harshe suna kiran wannan dabara 4/3/2: ɗalibi ya ba da labari cikin minti huɗu, ya sake ba da shi cikin uku, sannan cikin biyu. Ga mai rauni ka mayar da shi minti biyu, ɗaya da rabi, ɗaya. A zagaye na uku za ka ji "eh... eh..." ɗin ta ragu, jimlolin sun fara zubowa. A wannan aikin ba a gyara kuskure kuma ba a kawo sabuwar kalma, saurin harshe ake nema da abin da ya riga ya sani.

Game da taka maganar: ka rage sauri kaɗan, ka zaɓi kalmomi masu sauƙi, amma kada ka karya Turancin don ya gane. In ka ce masa *"You go market yesterday?"* to shi zai ɗauka.

Gyaran kuskure

In ka tare kowane kuskure, zai daina magana. In ka bar kowane kuskure, zai kafe a kai. Mafita ita ce ka raba lokaci. Sa'ad da kuke atisayen wata jimla ko sabuwar kalma, ka gyara nan take. Sa'ad da yake ba da labari, ka riƙe alƙalami ka rubuta a ɓoye, kada ka katse shi sai in ma'anar ta ɓace gaba ɗaya.

Bayan ya gama, ka zaɓi uku kawai daga abin da ka rubuta: wanda ya fi maimaituwa, wanda yake sauya ma'ana, da wanda ya shafi abin da kuka koya kwanan nan. Ka rubuta jimlar yadda ya faɗe ta, ka tura masa takardar ka ce akwai abin gyara a nan. Sau da yawa da kansa zai gani. Malamai sun fi sabawa da maimaita jimlar a gyare, wato ya ce *"I go yesterday"* kai kuma ka ce *"Oh, you went yesterday."* Wannan yana da taushi, amma ɗalibi yakan ɗauka kana tabbatar da labarinsa ne, bai ma lura an gyara ba. Gara ka ɗaga gira ka ce *"Yesterday I...?"* ka jira.

Kuma ka faɗa masa abin da ya yi daidai, takamaimai. "Ka yi ƙoƙari" ba ta koyar da komai. "Yau sau huɗu ka yi amfani da *went* ba ka yi kuskure ba" tana nuna masa inda ya ci gaba. Ka tuna babban mutum ne a gabanka, mai iyali ko mai sana'a, wanda ya yarda ya koma yana in'ina kamar yaro. Dariya ɗaya a kan kuskurensa tana iya rufe bakin da ka yi wata biyu kana buɗewa.

Furuci

Ba so ake ya koma kamar ɗan Landan ba, so ake a gane shi. Ka kama sautukan da suke sauya ma'ana. Ga mai jin Hausa, *p* da *f* ne kan gaba: *pan* da *fan*, *pull* da *full*, *copy* da *coffee*. Ka sa ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa. A *p* leɓɓa biyu suna haɗuwa su fashe, takardar ta yi tsalle. A *f* haƙoran sama suna taɓa leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali. Haka *b* da *v*. Sai dogon wasali da gajere, *ship* da *sheep*, wanda ba zai yi masa wuya ba in ka tuna masa cewa harshensa ma yana bambanta su. Sai inda ake danna murya a kalma, domin in aka danna a gurbin da ba shi ba, ko sautukan sun yi daidai mai sauraro yakan ɓata. Minti biyar a darasi ya isa.

Tsakanin darasi da darasi

Sa'a biyu ko uku a mako ba za su ba mutum harshe ba. Abin da yake yi a sauran kwanakin shi ne yake rarrabe mai ci gaba da mai tsayuwa wuri ɗaya. Amma kada ka jibga masa aiki. Minti goma sha biyar kullum: biyar na katuna, goma na sauraro ko karatu.

Abin sauraron ya zama wanda yake gane mafi yawansa. Muryar Amurka ta fara watsa shirye-shirye da sauƙaƙƙen Turanci tun 1959, da kalmomi kusan 1,500 da magana a hankali, kuma irin waɗannan darussa suna nan a intanet. BBC ma tana da sashen koyon Turanci mai gajerun hirarraki na minti shida tare da rubutunsu. Ya saurara sau ɗaya ba rubutu, sau ɗaya da rubutu, sannan ya zaɓi jimla biyu ya riƙa bin mai maganar yana kwaikwayon muryarsa. Na karatu kuwa, ka gwada shi da shafi ɗaya: in kalmomin da bai sani ba sun wuce biyar ko shida, littafin ya yi masa nauyi, a nemo na ƙasa da shi.

Abin da na ga ya fi kowanne aiki shi ne saƙon murya. Kowace rana ya turo maka minti ɗaya a WhatsApp yana faɗin abin da ya yi. Kai kuma ka mayar masa da amsa a kan labarin, da tambaya guda, gyaran ka ajiye shi sai ranar darasi.

Yadda sa'a ɗaya za ta kasance

Minti biyar na gaisuwa da labarin mako, da Turanci. Biyar zuwa goma na tsofaffin kalmomi. Goma sha biyar na sababbi. Ashirin zuwa ashirin da biyar na hira, inda sababbin kalmomin za su fito. Biyar na gyara, biyar na furuci. Kafin ya tashi, ya rufe littafi ya faɗa maka kalmomin yau daga kansa. In ya zo da wani abu mai zafi, misali gobe yana da ganawa, ka ajiye wannan tsarin gaba ɗaya ku yi abin da ya kawo shi.

Wani lokaci ka naɗi darasin duka ka saurara kai kaɗai, kana lura da muryar wa ta fi yawa. In taka ta wuce kashi ɗaya cikin uku a lokacin hira, ka rage.

Wajen wata na biyu ko na uku yawancin ɗalibai sukan karaya. Ɗokin farko ya wuce, kuma yanzu kunnensa ya buɗe har yana jin kurakuransa, sai ya ga kamar baya yake komawa. Ranar da ya ce maka "Malam, ni fa ban ga ina gaba ba," kada ka tsaya lallashi. Ka yi masa tambayoyin nan huɗu na zaman farko, ka naɗa. Sannan ka ɗauko tsohon naɗin ka kunna masa, ka biyo da sabon, ka ce ya ƙirga da kansa sau nawa ya tsaya a na farko, sau nawa a na biyu.